Wasiƙa daga Jidda

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau.

Na ga saƙonka kan ƙanwarmu da ke son ta zo Umara ta zauna aikatau. Kwana biyu ina juya maganar, domin ka ce tana fama da hawan jini.

A nan, kafin likita ya ji abin da ke damunka, an riga an tambaye ka igama, wato takardar izinin zama, a teburin karɓar marasa lafiya. Ma'aikacin kamfani mai igama, doka ta ɗora wa kafilinsa, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ya yi masa inshorar lafiya. Wanda bizarsa ta ƙare ya zama takari kuwa, daga shi sai aljihunsa, sai kuma fargabar jawazat, wato jami'an shige da fice. Shi ya sa mutanenmu ke ƙarewa a kantin magani, suna kwatanta ciwo da hannu saboda Larabcin bai zauna ba.

Wata biyu da suka wuce naƙuda ta kama maƙwabciyarmu a unguwar Karantina cikin dare. Ungozoma ta karɓi haihuwar a ɗaki, jini ya ƙi tsayawa. Maiɗakina ta canza mata zani har uku. Na ɗauko waya zan kira motar asibiti a 997, sai ta riƙo gefen rigata: "Malam, don girman Allah kar ka kira. Shumaisi za a kai ni, wa zai riƙe mini yaran?" Shumaisi nan ne ake tsare waɗanda za a yi wa tarhil, wato a mayar da su ƙasarsu. Tana tsoron tarhil fiye da jinin da ke zuba. Sai da ta suma muka ɗauke ta zuwa wani asibitin kuɗi, maƙwabta suka yi karo-karo kafin asuba. Allah Ya yi da sauran kwananta. Jaririn dai har yau ba shi da takardar haihuwa.

Abin da ke ci mini rai, an taɓa buɗe ƙofar nan. A watan Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da marasa igama. Da idona na ga waɗanda suka shekara goma ba su taka asibiti ba sun je sun dawo gida lafiya. Amma korona kaɗai umarnin ya shafa. Mai ciwon suga da mai ciki suna nan yadda suke.

Don Allah ka zaunar da ƙanwar tamu ka karanta mata wannan. In ta dage, ka haɗa ta da maiɗakina ranar Juma'a bayan la'asar, ita ce ta wanke zannuwan.

Naka har kullum,
Amininka na Jidda