KFC da haƙƙin masu buƙata ta musamman

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan kamfanin soya kaji na KFC.

Harland Sanders, wanda ya kafa KFC, ya fara sayar wa matafiya abinci a gidan mai a garin Corbin na jihar Kentucky a Amurka a 1930. A 1952 aka buɗe reshen KFC na farko a jihar Utah, Sanders ya sayar da kamfanin a 1964 kan dala miliyan 2. Kasuwa ta yi albarka har ta kai Beijing a 1987, ta iso Legas a 2009.

Abin da ya sosa mini rai shi ne abin da ya faru a Maris 2024, lokacin da reshen KFC na filin jirgin saman Murtala Muhammed ya hana wani bawan Allah mai keken guragu zama ya ci abinci. Mutum da kuɗinsa, a gaban iyalinsa, a ce masa babu wurinsa! Hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, FAAN, ta rufe reshen, kamfanin kuma ya nemi gafara. Hukumar ta kyauta.

Sai dai tun Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya wuce. Ina kira ga hukumomi su zagaya gidajen abinci, manya da ƙanana, su duba matakala da ƙofofi da banɗakuna, su hukunta masu kunnen ƙashi.

Naka,
Mai karatu daga Kaduna