Zuwa ga Auta, kan maganar HER2 ɗin nan

Assalamu alaikum Auta, ya jikin naki, ya yaran da maigidan? Na ga hoton takardar gwajin ƙullin sankarar mama da kika turo a WhatsApp, na kuma ji wai wasu na cewa ki ɗan jinkirta asibiti a fara gwada na gargajiya tukunna. Dan Allah ki karanta wannan a nutse, ni uwarki ce kuma kin san a aikin jinya na tsufa.

Wannan HER2 da aka rubuta wani furotin ne da ke zaune a jikin ƙwayar halitta ta waje, aikinsa isar da saƙo ciki cewa ki girma, ki rabu biyu. Kowa na da shi. Lafiyayyar ƙwaya tana ɗauke da kamar 20,000, amma a irin taki zai iya kai miliyan 2, to da sun yi yawa haka sai su dinga haɗuwa bibbiyu suna aika saƙo ba dare ba rana, kamar hon ɗin mota da ya maƙale, HER2 ya miƙa saƙon ga wasu furotin na cikin ƙwayar, nan ya miƙa wa RAS, can kuma PI3K ya miƙa wa AKT, har saƙon ya isa tsakiyar ƙwaya, ɗaya na cewa rabu, ɗaya na cewa kar ki mutu. Shi ya sa ƙullin ke saurin girma.

Inda ke hana ni barci shi ne yaɗuwa. Ƙullin na sakin wani furotin VEGF da ke janyo masa sabbin jijiyoyin jini ya samu abinci, ƙwayoyin su rage E-cadherin wanda shi ke manne su da juna, su narka naman da ke kewaye, sai su bi ta kaluluwar hammata ko ta jini su sauka a ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa. Duk wannan na iya faruwa ba ki jin zafin komai wallahi. Na ga mata da yawa da aka kawo mana bayan an tsaga musu nono an shafa magani wata da watanni, zani ya manne da ciwon, a lokacin abin ya riga ya yi nisa.

Amma Alhamdulillah irin taki tana da maganinta. A 1987 likita Dennis Slamon a Amurka ya nuna alaƙar yawan HER2 da tsananin sankarar mama, a 1998 aka amince da maganin Herceptin, wanda ke kama furotin ɗin daga waje ya dakushe saƙon. Kusan mace 1 cikin 5 masu cutar ke da wannan nau'in. Ta ƙarin ruwa ake sa Herceptin ɗin duk sati 3, yawanci shekara guda, tare da kemo da aikin tiyata, kuma za su dinga duba zuciyarki don yana iya taɓa ta, kar ki tsallake wannan gwajin ko sau ɗaya.

Akwai tsada ba ƙarya, ki tambayi likitanki batun asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya, ni da babanki mun riga mun yi magana kan gonar. Addu'a muna yi, ki sha rubutunki, amma kar wanda ya sa miki aska ko ya shafa miki wani abu a wurin. Ki je ranar da suka ba ki, ki turo min Yaya ya ɗauke ni in zo in riƙe miki yaran.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Ummanki