Kiran Ubangiji da masu bishara na ƙauye

Malam Edita, barka da aiki. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu masu shirin shiga makarantar Baibul.

Ni dai da na ji kira ban da komai sai keke da matata da yara biyu, aka tura mu wani ƙauye can bayan Saminaka, majami'ar ma ta ciyawa ce, in ruwa ya sauko sai mu matsa gefe mu ci gaba da waƙa. Baikon ranar Lahadi wani lokacin kwano ɗaya na masara ne da ƙwai uku. Akwai daren da matata ta ɗora tukunya ba abin zubawa, muka durƙusa muka yi addu'a, kafin mu tashi sai ga maƙwabcinmu, Musulmi ne ma, da dawa a buhu yana cewa Malam ga na yara. Har yau in na tuna sai hawaye.

Abin da ke damuna yanzu, yaro bai gama karatu ba yana tambayar nawa ne albashi, wace ikilisiya ce a birni. Alhali a 1893 Turawan mishan uku, Bingham da Gowans da Kent, suka sauka Legas ba mai ɗaukar nauyinsu, biyu suka rasu a 1894, daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito.

Su kuma ikilisiyoyin birni, ku tuna da masu bishara na EMS, wato sashen aika masu bishara na ECWA, wasu kuɗin makarantar yaransu ma ya gagare su.

Naka,
Wani mai bishara, Jihar Kaduna