Wasiƙa kan rabe-raben malam buɗe littafi da danginsa na dare

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka cewa kana so ka jera ƙwarin da ɗalibanka ke kamowa, na rana gefe, na dare gefe. Don Allah kada ka tsaya nan, wannan rabon zai ɓatar da yaran.

Dukkansu rukuni ɗaya ne, Lepidoptera, mai nau'i sama da 150,000, kuma malam buɗe littafi bai wuce kusan 20,000 ba a ciki. A 1758 Linnaeus, masanin da ya tsara sunayen halittu na kimiyya, ya zuba su duka a jinsi uku: Papilio, Sphinx da Phalaena. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa malam buɗe littafi reshe ne guda da ya tsiro daga cikin na dare, sunansa Papilionoidea, mai iyalai 7. Ɗaya daga ciki, Hedylidae na Tsakiya da Kudancin Amurka, da dare yake yawo. Castniidae kuwa, da ake lissafawa cikin na dare, da rana suke tashi.

Jiki za ka duba. Fara da ƙahonni biyun nan na kai: in ƙarshensu ya yi ƙulli kamar kan ashana, galibi malam buɗe littafi ne, in ƙullin ya lanƙwashe a tsini, ɗan Hesperiidae ne, ɗaya daga iyalai 7 ɗin nan, in siriri ne ko mai gashi gefe da gefe, na dare ne. Sai ka ƙirga ƙafafu. 'Yan Nymphalidae, wani iyalin malam buɗe littafi, a kan huɗu suke tsayawa, biyun gaba sun ƙanƙance sun naɗe a ƙirji. Mai ruwan lemo da baƙin gefe da ke yin ƙwai a ganyen tumfafiya, Danaus chrysippus, cikinsu yake. Nan launi ke yaudarar mutane, domin macen Hypolimnas misippus ta kwaikwayi kamarsa sosai, don tsuntsaye su ɗauka ita ma tana da dafi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsutsotsin gona, waɗanda ke rikiɗewa su zama na dare, don nan kuskure ke cin kuɗin manomi. Tsutsar masara da aka fara gani a Najeriya a 2016, Spodoptera frugiperda, 'yar iyalin Noctuidae ce. Ka duba kanta, akwai alamar Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i. Mai huda wake, Maruca vitrata, da mai huda karan gero, Coniesta ignefusalis, 'yan iyalin Crambidae ne.

Wajen adanawa, a matse ƙirjin, kada yatsa ya taɓa fiffike, don garin nan da ke gogewa shi ne ɓawon da ke ɗauke da zanen. A shimfiɗa fiffiken tun bai bushe ba, in ya bushe karyewa yake yi. A sa kafur a akwati saboda ƙwarin da ke cinye busasshen. Kowane ɗaya a liƙa masa takarda: gari, kwanan wata, da tsiron da aka same shi a kai. Wanda ba shi da takarda, komai kyansa, ba ya amfanar mai bincike.

Waɗanda suka yi kama da juna har suka gagare ka, yanke cikin ƙwaron, ka jiƙa shi a ruwan KOH (sinadarin da ke narkar da tsoka) mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ka duba al'aurar a madubin bincike mai ƙara girman abu. Ko kuma ka cire ƙafa ɗaya ka sa a barasar asibiti mai ƙarfi, a aika gwajin DNA.

Ka gaishe min da Hajiya da yara.

Naka amini.