Musayar kayan da aka yi a gida ma ciniki ce, ko sisi bai gilma ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wata gardama da muka kwana biyu muna tafkawa da ƙanwata. Ita sabulu take haɗawa a gida da man shafawa, to kwanan nan sai ta faɗa harkar musaya, ta ba mai saƙa sabulu a saƙa mata rigar sanyi, ta ba kafinta katan guda ya gyara mata kujeru, har ya kai kusan rabin abin da take yi ta wannan hanyar yake fita. Da na ce mata ki riƙa rubutawa fa, dariya ta yi, wai me za ta rubuta tunda ko sisi bai shiga hannunta ba, ina ruwan hukuma da ban gishiri in ba ka manda. Na tabbata ba ita kaɗai ke da wannan tunanin ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Musaya ita kanta ba laifi ba ce, kaya naka ne ka ba wanda ka ga dama ya ba ka nasa. Inda mutane ke ruɗewa shi ne zaton cewa haraji a kan takardar kuɗi yake. Masu karɓar haraji amfanin da ya shigo maka suke dubawa, ko ta wace ƙofa ya shigo. Amurka ta fi kowa fito da maganar fili: hukumar harajinsu, IRS, cewa ta yi duk wanda ya yi musayar kaya ko aiki to ya ƙiyasta darajar abin da ya karɓa yadda ake sayar da shi a kasuwa, ya sa cikin kuɗin shigarsa na wannan shekarar, kuma su biyun duka ne, mai sabulu da kafinta, kowa ya lissafa nasa. Tun 1982 ma dokarsu ta ɗora wa kamfanonin da ke haɗa masu musaya nauyin kai rahoton cinikin membobinsu, akwai fom na musamman da suke cikewa mai suna 1099-B. A Ingila kuwa idan mutum biyu masu rajistar harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka sayar, suka yi musaya, ana ɗaukarsa ciniki biyu ne aka yi a lokaci guda, na sayar maka ka sayar mini, kowa ya biya a kan nasa.

In ka natsu ka duba ai akwai hankali a ciki. Da a ce musaya na kuɓutar da mutum daga haraji da wallahi tuni manyan 'yan kasuwa sun daina taɓa kuɗi, mai siminti ya biya lauyansa da siminti, lauya ya biya likita da aikin lauya, sai a bar ƙaramin ma'aikaci mai albashi shi kaɗai yana biya tunda nasa tun daga tushe ake cirewa.

Amma ni ma akwai inda abin ke ɗaure mini kai, kuma nan ne na ɗan goyi bayan ƙanwata. Haraji da kuɗi ake biyansa, babu ofishin da zai karɓi hannun rigar sanyi. To mutumin da ya koma musaya galibi rashin kuɗin ne ya kai shi, sai kuma a ce ya kawo kuɗi a kan cinikin da bai ga kuɗi ba, ka ga an zo wajen. Ku tuna Ajantina, a 1995 aka fara ƙungiyoyin musaya a garin Bernal kusa da Buenos Aires, da tattalin arzikinsu ya durƙushe a 2001 zuwa 2002 aka hana mutane cire kuɗinsu daga banki yadda suke so, sai jama'a suka yi ca a kan waɗannan ƙungiyoyin, mata na kai abin da suka dafa ko suka ɗinka suna karɓo abin da gida ke buƙata. Wa zai iya tsayawa a gaban irin waɗannan ya ce su kawo haraji? Sannan ga rigimar ƙiyasi, rigar da aka kwana goma ana saƙawa da hannu nawa ce darajarta, mai saƙa zai faɗi nasa, mai karɓa ya faɗi nasa, jami'i ya zo da nasa na uku.

Abin da ke sauƙaƙa lamarin, wanda kuma da yawa ba su sani ba, a kan riba ake cire harajin sana'a. Ƙanwata za ta cire kuɗin mai da soda da turare da leda tukuna, abin da ya rage shi ne abin magana, kuma sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Wasu ƙasashen ma sun ja layi a fili. Ingila tun watan Afrilun 2017 ta yafe fam 1,000 na farko da mutum ya samu a shekara daga 'yar ƙaramar sana'a, ba sai ka biya komai a kai ba. A Amurka sai ribarka ta kai dala 400 harajin masu sana'ar kansu yake hawa kanka. Kyauta kuma daban take, in ka ba maƙwabcinka abu don zumunci shi ma wata rana ya aiko maka da nasa ba tare da an yi sharaɗi ba, wannan ba ciniki ba ne. Da zarar an ce ba ni kaza in ba ka kaza, kuma ana yi ana maimaitawa, har ana talla a Facebook, to sana'a ce, a daina ɓoye-ɓoye.

Ɗaya ɓangaren kuma wanda ni ya fi damuna bai ma shafi haraji ba. Abin da doka ta hana ka sayar ba tare da lasisi ba, musaya ba ta wanke shi. Magani, man shafawa, abincin da aka rufe a kwalba, duk waɗannan jikin mutum suke shiga, kuma ƙwayar cuta ba ta tambayar ko da kuɗi aka saya ko da kujera. Abincin kwalba da ba a dafa da zafin da ya kamata ba yana iya haifar da gubar botulizim mai shanye jiki har ta kashe, shi ya sa dokokin sayar da abincin da aka yi a gida na jihohin Amurka galibi suke ƙyale biredi da busassun kaya amma su hana nama da duk abin da sai an sa a firij. Kalifoniya ta fara aiki da tata dokar a Janairun 2013, ita kuwa New Jersey sai 2021 ta yarda a sayar da irin wannan abinci, ita ce ta ƙarshe. Sabulu ma in soda ta yi yawa fata take ƙonawa, kuma ranar da ya ƙona ɗan wani ba za ki tsaya gaban alƙali ki ce ai musaya muka yi ba.

Don haka roƙona ga masu tsara dokar haraji a ko'ina suke, su faɗi adadi ƙarara da harshen da mai sana'ar gida za ta gane, ƙasa da kaza babu ruwanmu da ke, sama da kaza ki zo ki yi rajista, kuma rajistar ta zama mai sauƙi da arha, don tsoron ofis ne ke sa mutane ɓuya. Ita kuma ƙanwata na saya mata ɗan littafi, na ce duk musayar da ta yi ta rubuta rana, da abin da ta bayar, da abin da ta karɓa, da kuɗin da za ta sayar da shi da a ce sayarwa ta yi. Ta karɓa tana gunaguni, amma jiya da na leƙa na ga har ta cika shafi biyu, kuma ita da bakinta ta ce ashe kafintan nan ya fi ta cin riba.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku kullum