Littattafan da ka bari a hannuna

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Ya jikin Hajiya? An ce ta samu sauƙi har ta fara fita, Allah ya ƙara afuwa. Shirun nan namu ya yi yawa. Wata biyar ke nan rabon da in ji muryarka, kuma na san halinka, in ba a taɓo ka ba sai shekara ta zagayo kana nan kana cewa gobe zan kira shi. To ga shi na taɓo ka, don akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma kai ne silarta.

Ka tuna littattafan Harry Potter guda bakwai da ka bar mini a kwali ranar da za ka tafi? So nake in ji ko ka yarda in mallaka wa babban ɗan Yaya su, wanda kake kira Farfesa. Amma bari ka ji yadda aka yi tukuna.

Ka san yaron nan, shekararsa 14 amma ko shafi biyu ba ya iya zama ya karanta sai an tsare shi. Da hutu ya zo wurina, ya ga kwalin, ya ɗauki na farko don bangon ya burge shi. Kafin wata huɗu ya cinye biyar, da ƙamus a gefensa, yana rubuta kalmomin da bai gane ba a bayan littafin lissafinsa. Har uwarsa ta kira ni tana godiya.

Makon jiya sai ga shi ya shigo ba walwala, ya ajiye na shida a kan tebur. Takardar da yake sa alama da ita tana leƙowa, ya wuce rabi. Ya ce, "Baffa, wai gaskiya ne abin da aka ce game da Dumbledore?" Wato tsohon nan shugaban makarantar su Harry. Ashe wani abokinsa ne ya nuna masa a waya. Ban ɓoye masa ba. Na ce gaskiya ne marubuciyar ta faɗa, amma babu shi a cikin littafin da ke gabanka, babu shi a na bakwai ma. Ya yi shiru, ya tashi ya bar littafin a nan. Yau kwana tara bai taɓa shi ba.

Ka dai tuna yadda abin ya faru, don tare muka yi musun nan har aka kore mu daga ɗakin karatu. Littafin ƙarshe ya fito a watan Yulin 2007. Wata uku bayan nan, a Oktoba, marubuciyar, J.K. Rowling, tana zantawa da masu karatu a zauren Carnegie da ke New York, aka tambaye ta ko Dumbledore ya taɓa son wani a rayuwarsa. Ta amsa cewa ita tun asali ta ɗauke shi a matsayin namiji mai son namiji ɗan'uwansa, kuma Grindelwald ya so, abokinsa na ƙuruciya da ya zama mugun matsafi. Zauren ya ɗauki tafi. Har ta ba da labarin yadda ta ga an rubuta masa zancen wata budurwa a tsarin fim na shida, ta yi rubutu a gefen takardar don a cire.

Daga nan fa duniya ta rabu. Wasu suka yi murna, suka ce ga babban malami mai hikima kuma irinsu ne. Wasu iyaye, musamman masu riƙo da addini a Amurka, waɗanda dama suna ƙorafi kan tsafin da ke cikin labarin, suka ce ai ga abin da suke gudu. Sai kashi na uku, wanda a lokacin ban kula da su ba amma yanzu na fi fahimtar hujjarsu: mutanen da ake zaton su za su fi kowa farin ciki, su ne suka ce in har da gaske take, me ya hana ta rubuta shi a littattafai bakwai, sai da aka gama saye aka gama karantawa? Wannan ƙorafin bai mutu ba. A 2018 da mai ba da umarnin fina-finan Fantastic Beasts, masu ba da labarin Dumbledore kafin zamanin Harry, wato David Yates, ya ce ba za a fito da maganar fili ba a fim na biyu, sai da aka sake tayar da ƙura. A fim na 2022 ne aka sa Dumbledore ya furta da bakinsa, shi ma da aka kai shi ƙasar Sin sai aka yanke daƙiƙa shida.

Kai kuma a lokacin cewa ka yi ka daɗe da ganowa. Ƙarya kake, malam! Kai da sai da na yi maka bayanin Snape, malamin su Harry, sau uku.

Abin da addininmu ya ce kan wannan al'amari, ni da kai mun sani, kuma ba a kansa nake rubuto maka ba. Damuwata ita ce yaro ya ajiye littafi saboda maganar da ba ta cikin littafin. Yaya ma ya ji, ya ce a fitar masa da su daga gida, alhali bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ban yi masa gardama ba, ɗansa ne, kuma tsoron da yake ji na uba ne, ina girmama shi. Amma na roƙe shi ya ba ni lokaci.

Don kada in yi magana da ka, na zauna na sake karanta na bakwai. Abin da ke rubuce shi ne, samari biyu masu kaifin ƙwaƙwalwa sun haɗu a ƙauyen Godric's Hollow, Grindelwald an kore shi daga makaranta, Dumbledore kuma mutuwar uwarsa ta ɗaure shi a gida da rainon ƙanwarsa Ariana. Wata biyu kacal suka yi tare. Su wuni suna magana, da dare kuma mujiya ta riƙa ƙwanƙwasa taga da wasiƙa, don wani tunani ya faɗo wa ɗaya kuma ba zai iya jiran safiya ba. Sai faɗa ya ɓarke, yarinyar ta mutu, ba a san hannun wanda ya kashe ta ba. Dumbledore ya ƙi tunkarar Grindelwald har 1945, kuma dalilin da ya ba Harry da bakinsa shi ne tsoron kada a gaya masa shi ne ya kashe ƙanwarsa. Nan ne idona ya cika, kamar karon farko.

Ba zan yi maka ƙarya ba, in ka riƙe maganar marubuciyar a ka, zancen mujiyar nan yana iya ɗaukar wata ma'ana. Haka ma lokacin da tsoho Grindelwald ya yi wa Voldemort, babban maƙiyin Harry, ƙarya a kurkuku, Harry ya ce wataƙila don ya kare kabarin Dumbledore ne. Amma in ba ka riƙe ba, abota ce mai zafi irin ta ƙuruciya, wadda kowa ya sani. Ni da kai ma mun sha raba dare muna aika wa juna saƙo kan abin da bai kai ya kawo ba. Littafin ya bar ƙofar a saye, ita ce ta zo daga baya ta ce ga abin da ke ciki.

Shi ya sa na tuna malamin nan namu na adabi da maƙalar nan ta 1967 ta Roland Barthes, Bafaranshen masanin adabi, wai da zarar rubutu ya fita, marubuci ya mutu, saura mai karatu. Ni ban kai can ba. Ita ta ƙirƙiri mutumin, tana da ikon faɗin yadda take ganinsa, kuma ban ce ta yi ƙarya ba. Abin da na ƙi shi ne a mayar da hirar da aka yi a zaure ta zama babi na littafi. Dumbledore da yaron nan ya sani a shafuka ya same shi, da kansa, da ƙamusunsa.

Af, ka ji mutumin naka na ofis ya ajiye aiki? Ya ce zai koma karatu, a wannan shekarun! Matarsa ce ta fi kowa murna. Kuma an sa ranar ƙanwata, za a turo maka kati, kada ka ce ba a gaya maka ba.

Jiya Farfesa ya zo karɓar caja. Na ga idonsa ya kai kan teburin, littafin na nan inda ya bar shi, ban matsar ba. Bai san abin da ke jiran Dumbledore a saman hasumiyar nan a ƙarshen na shida ba, kuma na kame bakina. Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce, "Baffa, Malfoy ɗin nan, abokin gabar Harry a makaranta, me yake ɓoyewa ne?" Na ce ban sani ba, sai dai ya duba. Ya yi murmushi ya tafi, bai ɗauka ba.

Ranar Asabar zan je wurin Yaya da na bakwai a hannu, in karanta masa babin Ariana ya ji da kunnensa, sannan ya yanke abin da ya ga dama. Kai ka fi ni sanin yadda ake shawo kansa, don haka ka kira shi kafin ranar, ko minti biyar ne.

Ka gaida madam da yaran, ka shafa mini kan auta.

Naka har kullum,
Amininka