A Yi Wa Furen Tuberos Haƙuri Har Ƙarshen Damina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani fure da nake shukawa a tsakar gidana a Zariya, shekara 6 ke nan. Sunansa tuberos. Asalinsa daga ƙasar Meziko ne, amma ana noma shi sosai a Indiya, kuma a Faransa ana haɗa turare mai tsada da shi. Saiwarsa kamar ƙaramar albasa take.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, bara na ba maƙwabciyata albasarsa guda 10. Wata biyu ta ga ganye zalla kamar ciyawa, ta tuge ta zubar, ta ce ba ya yi. Wallahi raina ya sosu, domin saura kaɗan ya fitar da kara.

Shi wannan fure ba ya gaggawa. Nakan binne shi a watan Yuni idan ruwa ya zauna, zurfin santimita 5, tazarar taƙi ɗaya, a inda rana ke bugawa sosai. Ina haɗa ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen takin awaki, saboda in ruwa ya kwanta masa ruɓewa yake yi. Sai ya yi wata uku zuwa huɗu, lokacin da ake shirin yankan gero, sannan kara ya miƙe ya kai ƙugun mutum, fararen furanni su riƙa buɗewa daga ƙasa zuwa sama. Bayan sallar magariba ƙamshinsa ke tashi. Mahaifiyata, Allah ya ƙara mata lafiya, takan sa a shimfiɗa mata tabarma kusa da shi.

Ga abin da masu sayar da furanni a bakin titi ba sa faɗa wa mutane: albasar da ta yi fure ba ta sake yi. 'Ya'yan da ke manne da ita su ne na baɗi. Kada a yanke ganyen sai ya yi rawaya da kansa cikin hunturu, sannan a tono, a shanya a inuwa, a ajiye cikin busasshen yashi.

Don Allah, Malam Edita, a riƙa sanya irin wannan bayani a shafin noma, ko da sau ɗaya a wata. Mu matan da ke gida muna son shuka, mai nuna mana hanya muka rasa. Maƙwabciyar tawa ma na ware mata wasu guda 10 na bana.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Zariya